Mary Slessor, Uwar Tagwayen Kalaba

A ƙasarmu ta Hausa idan mace ta haifi tagwaye gida ya kan cika da guɗa, a raɗa musu Hassan da Husaini, ko Hassana da Usaina, wanda ya biyo bayansu kuma a kira shi Gambo. To, amma an yi zamanin da a wani sashe na Nijeriya haihuwar tagwaye ta ke zama makoki. Yau tarihin wata mace zan kawo muku, wadda ta ƙare rayuwarta wajen ceton irin waɗannan jarirai da iyayensu mata. Sunanta Mary Slessor.

An haife ta ran 2 ga watan Disamba, 1848, a birnin Aberdeen na ƙasar Sikotlan, ita ce ta biyu cikin 'ya'ya bakwai. Ubanta ɗinkin takalma ya ke yi, amma giya ta fi ƙarfinsa, ɗan abin da ya samu a can ya ke ƙarewa. A 1859 talauci ya kore su zuwa Dundee, garin masaƙu. Tana da shekara 11 aka sa ta aikin masaƙa, rabin yini a bakin inji, rabin yini a makaranta. Da ta kai shekara 14 sai ta koma yini cur, daga ƙarfe shida na safe zuwa shida na yamma. Duk da haka ba ta saki karatu ba. Ta kan jingina littafi a jikin injin saƙa, hannu yana aiki, ido yana satar kallon shafi.

Uwarta Kirista ce mai riƙo da addininta, ta kan karanta wa 'ya'yanta mujallar Mishan mai kawo labarin Kalaba, inda cocinsu ya kafa tasha tun 1846. Bayan mutuwar David Livingstone a 1873, Mary ta nemi a aike ta. Aka yi mata ɗan horo a Edinburgh, ran 5 ga watan Agusta, 1876, ta shiga jirgin ruwa mai suna Ethiopia, ta yi wata guda da 'yan kwanaki a kan teku kafin ta sauka. Albashinta fam 60 ne a shekara.

Abin da ta fara sa wa gaba shi ne harshen Efik. Ta koye shi har ta iya wasa da faɗa da rarrashi a cikinsa. Zazzaɓin cizon sauro ya mai da ita gida a 1879, da ta warke ta komo, aka ajiye ta a unguwar da a ke kira Old Town. A nan ta bar cimar Turawa ta koma cin doya da ayaba da kifi da manja, don ta riƙa aika wa uwarta da ƙannenta mafi yawan albashinta. Abin da ta yi don tsimi sai ya zame mata mabuɗi, domin mutane sun fi sakin jiki da baƙon da ya ci tuwonsu.

Kada mu ɗauka mutanen wannan ƙasa ba su son 'ya'ya. Tsoro ne ya kama su. Sun gaskata cewa ɗaya daga cikin tagwaye ɗan mugun iska ne, tun da kuwa ba a san wanne ba ne, sai a cusa su duka biyu cikin tukunya a kai daji a yar. Uwar kuma a kore ta daga gari, ba ta shiga kasuwa, ba ta ɗiban ruwa inda jama'a ke ɗiba. Akwai kuma al'adar kashe bayi da mata a binne su tare da babban mutum in ya mutu. Wanda aka zarga da maita kuwa sai a ba shi wani wake mai dafi, sunansa esere, kamar dai shan gwaska na zamanin da: in ya amayar an wanke shi, in ya mutu an ce shi ne.

Gaskiyar tarihi ita ce ba Mary ce ta fara yaƙi da waɗannan al'adu ba. Tun 1850 manyan Kalaba da kansu suka kafa dokar hana kashe mutane a wajen jana'iza, a 1878 kuma suka sa hannu a yarjejeniyar hana kisan tagwaye. Amma doka a birni ta tsaya, ba ta shiga ƙauyuka ba. Abin da Mary ta ƙara shi ne ta bi jaririn har inda aka yar da shi, ta ɗauko, ta yi masa wanka, ta goya shi a gaban kowa, don ido ya ga cewa wadda ta taɓa ɗan tagwaye ba ta mutu ba. A 1883 ta tafi Sikotlan da wata 'yar tagwaye da ta ceta, wadda ta raɗa wa suna Janie. Ba ta daɗe da komowa Kalaba ba sai labari ya iske ta cewa uwarta ta rasu, ƙanwarta ma ta bi. Daga nan ba ta da sauran wanda zai yi kukanta a gida, sai ta nemi izinin shiga can cikin ƙasa.

A watan Agusta na 1888 ta tashi zuwa Okoyong, ƙasar da fatake ke tsoron shiga saboda yaƙe-yaƙe. Ta sauka daga kwalekwale da almuru ana ruwa, ta yi tafiyar mil huɗu cikin kurmi da yara biyar, ƙaramin a hannunta, har ƙauyen Ekenge. Sarkin ƙauyen, Edem, ya ba ta ɗaki cikin gidan matansa. A nan ta sami aminiya, 'yar'uwar sarki, Ma Eme. Wannan baiwar Allah ba ta bar addinin kakanninta ba, amma duk sa'ad da ta ji ana shirin zub da jini sai ta aiko wa Mary da kwalbar magani wadda ba kome a ciki. Alama ke nan tsakaninsu.

Babban gwaji ya zo a 1889. Gungumen itace ya faɗo wa Etim, ɗan sarki, ya yi jinya ya mutu. Boka ya ɗora laifin a kan wani ƙauye, aka kamo mutane, har da mata masu goyo, aka ɗaure su da sarƙa ana jiran ranar binnewa. Mary da wani kafinta ɗan ƙasarsu, Charles Ovens, suka raba tsaro, ɗaya dare ɗaya rana, ba su ɗaga daga gaban fursunonin ba. Ta yi roƙo, ta yi faɗa, ta tare mai kawo dafi, kwana da kwanaki, ana sakinsu ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshe saniya aka yanka, aka binne ɗan sarki ba tare da ran ɗan Adam ko ɗaya ba. Ba a taɓa ganin haka a Okoyong ba.

A 1895 wata Baturiya matafiya, Mary Kingsley, ta kai mata ziyara, ta kuwa tarar da wata baiwa ta haifi tagwaye. An cusa jariran cikin akwati, an jibga kayan uwar a kansu, an kore ta. Namijin ya mutu, macen ta rayu. Abin da ya ba baƙuwar sha'awa shi ne Mary ba ta bi da su ta hanyar kasuwa ba, ko da ya ke ba mai iya hana ta. Ta san in ta bi, mutane za su ƙaurace wa hanyar, su sha wahalar saran wata. Sai ta tsaya har aka share mata wata 'yar hanya zuwa gidanta. Ta ceci rai, ba ta kuma wulakanta masu gari ba.

Gwamnatin Turawa ta ga ba wanda mutanen Okoyong ke saurara kamarta, sai a 1892 aka ba ta shugabancin kotun gargajiya ta ƙasar. Ta kan zauna tana saƙa, masu ƙara suna ta bayani tun safe har zafin zuciya ya huce, sa'an nan ta yanke hukunci. Ta kuma lura zaman banza da barasa su ne tushen yawan faɗa, don haka ta haɗa sarakunan Okoyong da Sarki Eyo na Creek Town, aka buɗe cinikin manja da kayan gona. Tana cikin waɗanda suka matsa aka kafa makarantar koyon sana'a ta Hope Waddell a Kalaba a 1895. Maganar aure ma ta taso, wani malamin Mishan, Charles Morrison, ya nemi aurenta, ta yarda bisa sharaɗin zai zo Okoyong su zauna. Hukumar Mishan ba ta amince ba, ita kuwa ta ƙi barin yaranta, maganar ta mutu.

Da agana ta ɓarke a 1896 ta yi ta yi wa mutane lamba, ta mai da tsohon gidanta na Ekenge wurin jinya. Sarki Edem ya kamu, kowa ya gudu ya bar shi, ita ce ta haɗa akwatin gawarsa ta binne shi da hannunta. Bayan shekara 15 a Okoyong ta ƙara gaba zuwa Itu, inda aka gina asibiti da sunanta, daga nan ta zauna a Use, ta buɗe wa matan da aka kora wurin da za su yi noma da kiwo su ci da kansu. Da ƙafa ta gaza saboda sanyin ƙashi, a keken turawa yaranta ke kai ta ƙauyuka.

Ta rasu ran 13 ga watan Janairu, 1915, a Use Ikot Oku, cikin Jihar Akwa Ibom ta yanzu, tana da shekara 66, 'ya'yan riƙonta suna kewaye da ita, har da Janie. Aka ɗauko gawarta ta kogi zuwa Duke Town aka binne. Mutanen ƙasar sun yi mata laƙabi da harshensu, ma'anarsa uwar dukan jama'a. A Kalaba an sa wa titi sunanta, an kafa siffarta riƙe da tagwaye, a 1997 kuma wani bankin Sikotlan ya buga hotonta a takardar fam 10.

To, 'yan'uwa, ko da addininmu ɗaya da nata ko ba ɗaya ba, akwai abin ɗauka. Ke 'yar makaranta da ke kukan aikin gida ya hana ki bitar karatu, ki tuna da littafin nan da ke jingine a jikin inji. Ke kuma uwargida, Hausawa sun ce ɗa na kowa ne. Duba unguwarku da kyau: akwai maraya, akwai jaririn da uwarsa ta rasu wajen haihuwa, akwai matar da aka ɗora wa maita aka daina gaishe ta. Ba sai kin ƙetare teku ba, ƙofar gidanta tana kusa da taki. Allah ya ba mu ikon aikata alheri, amin. Sai mun sake saduwa a wannan fili.