Mendel, Mai Haɗa Auren Furanni

Duk yaron da ya taɓa bin mahaifinsa gona a Mainika ya san wake ba ya yin kwanso sai ya yi fure. A cikin furen nan akwai sashen namiji mai fitar da wani gari rawaya, akwai kuma sashen mace. Sai garin ya sauka a kan sashen macen sa'an nan ƙwaya ta ƙullu. A kabewa ƙudan zuma ke kai garin daga fure zuwa fure, amma furen wake yakan wadatar da kansa. Da wannan sani wani ɗan manomi, Gregor Mendel, ya yi aikin da ya sa ake tunawa da shi.

An haife shi a 1822 a wani ƙauye na daular Ostiriya. Iyayensa talakawa ne, har sai da ƙanwarsa ta ba shi wani kaso na dukiyar aurenta ya biya kuɗin makaranta. A 1843 ya shiga gidan ibada na Kirista a birnin Brno. Abin mamaki, sau biyu yana zaman jarrabawar malanta bai ci ba!

Daga 1856 zuwa 1863 ya duƙufa a lambun gidan, yana shuka wani irin wake na Turai. Yakan buɗe furen gajeren wake tun bai nuna ba, ya cire sashen namijin, ya shafa masa garin dogon wake, ya rufe shi da ɗan ƙyalle don kada ƙwari su kawo wani garin. Da ya shuka 'ya'yan, dukansu suka fito dogaye. Ina gajartar ta tafi? Ashe ɓoyewa ta yi. A cikin jikokin ya ƙirga dogaye 787 da gajeru 277, watau kusan uku bisa ɗaya. Ya gane kowace ƙwaya tana gadon uwa da uba, ko da gadon ɗaya ya danne na ɗaya.

Ya buga bayaninsa a 1866, amma masana ba su kula ba. Ya rasu a 1884, kuma sai a 1900 aka gane darajar aikinsa. Da irin wannan haɗin furanni masanan Samaru ta Zariya suke samar da sababbin irin wake.