Marcello Malpighi: Likitan da ya leƙa cikin itace

An haifi Marcello Malpighi ranar 10 ga watan Maris na 1628 a garin Crevalcore, kusa da birnin Bologna a ƙasar Italiya.

Yana da shekara 21 iyayensa suka rasu, ɗawainiyar ƙannensa ta dawo kansa. Duk da haka ya ci gaba da karatu a Jami'ar Bologna, inda ya sami digirin likita a 1653.

Ya koyar a jami'o'in Pisa da Messina, kafin ya koma Bologna a 1666.

A zamaninsa yawancin likitoci sun dogara ne da littattafan magabata, musamman na Galen. Shi kuwa Malpighi sai ya rungumi madubin nan mai ƙara girman ƙananan abubuwa, wanda a lokacin sabon abu ne.

Da shi ne a 1661 ya gano ƙananan hanyoyin jini a huhun kwaɗo, abin da ya cike giɓin da ya rage a bayanin William Harvey kan yadda jini ke kewaya jiki.

Binciken itatuwa

Malpighi ya yi imanin cewa sai an fahimci halittu masu sauƙin tsari kafin a gane jikin ɗan Adam. Wannan ne ya kai shi ga tsirrai.

Ya riƙa yanka ɓawo da saiwa da rassa sirara-sirara yana dubawa, yana kuma zana abin da ya gani. Ya nuna cewa gangar itace hawa-hawa take, kowane hawa da irin ƙwayoyinsa da bututunsa.

Gwajinsa da ya fi shahara shi ne na sassaƙe ɓawon itace a kewaye, kamar zobe. Bayan wani lokaci sai ɓawon da ke saman yankan ya kumbura, na ƙasa kuwa bai ƙaru ba.

Daga nan ya fahimci cewa abincin da ganye ke sarrafawa ta cikin ɓawo yake gangarowa. Shi ya sa itacen da aka sassaƙe ɓawonsa a kewaye yakan mutu a tsaye, domin an yanke wa saiwarsa abinci.

Ƙungiyar masana ta Royal Society da ke Landan, wadda ya zama ɗanta a 1669, ita ce ta buga littafinsa Anatome Plantarum kashi biyu, a 1675 da 1679. A daidai wannan lokaci wani likita ɗan Ingila, Nehemiah Grew, yana irin wannan bincike, kuma su biyun ake ɗauka a matsayin waɗanda suka kafa ilimin tsarin jikin tsirrai.

Malpighi ya ɗauka cewa ɓawon ciki ne ke rikiɗa ya zama katako. Masanan da suka biyo bayansa sun gyara wannan: tsakanin ɓawo da katako akwai wani siririn fegi mai rai da ake kira kambiyom, wanda ke haifar da katako ta ciki, da hanyoyin abinci ta waje. Da shi itace ke yin kauri.

Tsawo kuwa daga kan rassa da ƙarshen saiwoyi kaɗai yake zuwa. Saboda haka ƙusar da aka kafa a jikin itace ba ta hawa sama, komai tsawon da itacen ya yi.

Adawa da ƙarshen rayuwa

Wasu takwarorinsa a Bologna sun yi ta sukarsa, suna ganin leƙen kwaɗi da itatuwa ba shi da amfani ga marar lafiya.

A 1684 wuta ta cinye gidansa, ya yi asarar madubansa da takardunsa masu yawa.

A 1691 Paparoma Innocent na 12 ya kira shi birnin Rum ya naɗa shi likitansa. A can ya rasu a ƙarshen watan Nuwamba na 1694, yana da shekara 66, bayan ya yi fama da shanyewar ɓarin jiki.

An mayar da gawarsa Bologna aka binne. Har yau akwai sassa a ƙoda da fatar mutum da ake kira da sunansa, haka kuma wani dangin tsirrai, Malpighiaceae.