Rudolf Diesel: Mutumin da injinsa ke noma Gadarif, amma ya bar duniya da bashi a wuya

Duk wanda ya san hanyoyin Basunda da damina ya san amfanin inji mai ƙarfi. Ƙasar baƙar laka ce, da ruwa ya sauka sai ta riƙe taya kamar danƙo. Motar a-kori-kura, wadda a Sudan ake ce wa boksi, da taraktocin gonakin dawa da riɗi, da manyan motocin da ke kwasar amfanin gona zuwa kasuwar Gadarif, da injin niƙa, galibinsu mai iri ɗaya suke sha. A Najeriya ana ce masa gas, a Sudan jazulin, amma yawancin duniya da sunan mutum take kiransa. Mutumin shi ne Rudolf Diesel, Bajamushen da ya ƙirƙiro injin, ya yi kuɗi da shi, kuɗin suka zube, daga ƙarshe ya ɓace a teku yana da shekara 55.

Yaron da yaƙi ya kora

An haifi Rudolf a birnin Paris ranar 18 ga Maris, 1858. Iyayensa Jamusawa ne 'yan ci-rani. Mahaifinsa Theodor ɗan garin Augsburg ne, yana ɗinkin littattafai da aikin fata, kamar dai dukawanmu, kuma gidan ba na masu hali ba ne. A 1870 yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Jamusawa, aka kori Jamusawan da ke zaune a Paris, iyalin suka gudu Landan hannu rabbana. Da iyayen suka ga ba za su iya ɗaukar nauyin karatun yaron ba, sai aka tura shi Augsburg wurin 'yan uwa. Yana da shekara 12 a lokacin. Mai riƙonsa, Christoph Barnickel, malamin lissafi ne, shi ya sa shi a makarantar koyon sana'a.

To, a nan ne kan yaron ya buɗe. Yana ɗan shekara 14 ya rubuta wa iyayensa cewa injiniya yake so ya zama. A 1875 ya sami tallafin karatu zuwa babbar makarantar fasaha ta Munich. Zazzaɓin taifot ya hana shi rubuta jarrabawar ƙarshe a 1879, sai ya tafi masana'antar Sulzer a Suwizalan ya koyi aikin ƙarfe da hannunsa kafin lokacin wata jarrabawar ya zagayo. A watan Janairun 1880 ya kammala da sakamako mafi daraja.

Abin da ya tsaya masa a rai

Cikin malamansa akwai Carl von Linde, gwanin injin sanyi. A ajin Linde ne Diesel ya ji cewa injin tururi, wanda shi ne sarkin injuna a wancan zamani, da kyar yake mayar da kashi 10 cikin 100 na zafin gawayin da ya ci ya zama aiki. Sauran duk asara ne. Kamar manomi ne ya shuka buhu 10, ya girbe amfanin buhu 1. Wannan lissafi bai bar shi ya huta ba.

Ya koma Paris ya yi wa Linde aiki a masana'antar ƙanƙara, har ya zama shugabanta. A 1883 ya auri Martha Flasche, suka haifi 'ya'ya 3. A 1890 ya koma Berlin. Duk tsawon shekarun nan, da rana yana aikin sanyi, da dare yana lissafin zafi. Burinsa shi ne inji mai cin mai kaɗan wanda ƙaramin mai sana'a zai iya mallaka, domin injin tururi sai manyan masana'antu.

Dabararsa mai sauƙin faɗi ce. Wanda ya taɓa hura tayar keke ya san bakin famfo yana ɗaukar zafi. Idan fistin ya matse iska zalla a cikin silinda matsi mai tsanani, zafinta kan wuce digiri 500. A daidai lokacin sai a fesa mai, ya kama da kansa, ba fulogi ba tartsatsi. Shi ya sa har gobe bakanike ba ya neman fulogin wuta a injin dizal, nozul da famfon mai yake dubawa.

Shekara 4 a Augsburg

An ba shi takardar mallakar fasaha ranar 23 ga Fabrairu, 1893, mai lamba 67207, kuma a shekarar ya wallafa littafin da ya bayyana tunaninsa. Amma takarda daban, ƙarfe daban. Matsin da ya lissafa da farko ya fi ƙarfin injin wancan lokaci, dole ya sassauta ya sake tsari. Heinrich von Buz, shugaban masana'antar injuna ta Augsburg wadda daga baya ta zama MAN, da kamfanin Krupp, su suka zuba kuɗi.

Ranar 10 ga Agusta, 1893 aka fara fesa wa injin gwaji mai. Ya kama da ƙara har na'urar awon matsi ta fashe, amma bai iya juya kansa ba. Sai a Fabrairun 1894 ya yi gudu da kansa na kusan minti 1. Aka ci gaba da kwancewa da ɗaurawa. Ranar 17 ga Fabrairu, 1897 Farfesa Moritz Schröter ya auna inji na uku, ya tarar yana mayar da kashi 26 cikin 100 na man da ya sha ya zama aiki. Wato ya ninka injin tururi fiye da sau 2. Silinda 1 gare shi, ya fi mutum tsawo, ƙarfinsa kuwa bai kai doki 20 ba.

Kuɗi sun zo, kuɗi sun tafi

Daga nan sai attajirai suka yi ta layi. Adolphus Busch na Amurka ya sayi izinin ƙera injin a kan mak miliyan 1, kuɗin Jamus na lokacin. Emanuel Nobel ya sayi na Rasha. Kafin ka ce kwabo, ɗan baduku ya zama miloniya.

Sai dai an yi gaggawa. Injunan farko da aka sayar sun riƙa lalacewa a hannun masu saye, wasu aka dawo da su. Ga masu jayayya cewa ba shi ya fara ba, cikinsu har da magoya bayan Baturen Ingila Herbert Akroyd Stuart, wanda ya yi rajistar wani injin mai tun 1890. Ciwon kai da gajiya suka kwantar da Diesel a 1898. Da ya tashi, ya gina katafaren gida a Munich, ya zuba dukiya a cinikin filaye da haƙar mai, harkokin da bai san kansu ba. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Gwanin inji ne, ba gwanin kasuwa ba, kuma a hankali dukiyar ta zagwanye ba tare da iyalinsa sun san zurfin ramin ba.

Akwai wani abu da ya kamata manomin gyaɗa da riɗi ya sani. A baje kolin duniya na Paris a 1900, an tayar da wani injin dizal da man gyaɗa, ya yi aiki lafiya lau. Gwamnatin Faransa ce ta so a gwada, saboda gyaɗar ƙasashen Afirka da ta mallaka. Diesel ya riƙe wannan magana, a jawabansa na 1912 yana nuna cewa wata rana man tsirrai zai iya zama makamashi. A 1903 kuma ya rubuta littafi mai suna Solidarismus kan yadda ma'aikata za su haɗa ƙananan kuɗinsu su mallaki masana'antu, wani abu mai kama da adashi. Littafin bai yi kasuwa ba.

Daren ƙarshe

A 1912 jirgin ruwan Selandia, wanda aka ƙera a Danmak, ya nuna wa duniya cewa injin dizal zai iya ratsa teku. Sunan Diesel ya kai ko'ina, aljihunsa kuwa ya bushe. Ranar 29 ga Satumba, 1913 ya shiga jirgin ruwa mai suna Dresden daga Antwerp ta Beljiyam zuwa Ingila don wani taron kamfani. Ya ci abincin dare da abokan tafiya, ya shiga ɗaki wajen ƙarfe 10, ya bar sallahu a tashe shi ƙarfe 6 da kwata. Da safe aka tarar ba a kwanta a gadon ba, hularsa da kwat ɗinsa suna ninke a gefen jirgi.

Bayan kwana 10 wani ƙaramin jirgin Holan ya ga gawa a teku. Ma'aikatan suka cire 'yan kayan aljihu suka mayar da ita ruwa, ɗansa Eugen ya shaida kayan na mahaifinsa ne. Matarsa ta buɗe jakar da ya bar mata, ta sami mak 20,000 da takardun da ke nuna asusunsa ya ƙare. Yawancin marubuta tarihinsa sun tafi a kan cewa shi ya jefa kansa saboda bashi, wasu kuma sun yi zargin kisa, ganin yaƙin duniya na farko yana tafe kuma sojojin ruwa na zawarcin injinsa. Ba a taɓa tabbatar da zargin ba.

Yadda injin ya shiga mota

Diesel bai ga injinsa a motar kasuwa ba. A zamaninsa da iska mai matsi ake tura mai cikin silinda, wannan kuwa sai da wani injin matsi na daban, mai nauyi. Sai a 1923 da 1924 kamfanonin Benz da MAN suka fito da manyan motocin dizal, a 1927 Bosch ya fara ƙera famfon fesa mai da yawa, a 1936 Mercedes ta fito da ƙaramar motar dizal ƙirar 260 D. A yankin Gadarif kuwa, noman inji ya fara ne a shekarun 1940, tun zamanin Turawa.

Halin injin nan shi ya sa ya dace da aikin kaya. Ba ya juyi da sauri kamar na fetur, amma yana da ƙarfin murɗa tun yana juyi a hankali. Wannan ƙarfi duka ta kan kuloci da giya yake bi kafin ya isa taya, shi ya sa giyar motar dizal take fin ta fetur kauri. A Amurka, kamfanin Dodge ya sa injin Cummins a a-kori-kurarsa a 1989, kamfanin GM kuma ya haɗa injin Duramax da giyar Allison a 2001, don giya ta iya ɗaukar abin da inji ke bayarwa. A nan ma lissafin ɗaya ne ga mai Hilux ko Land Cruiser. Wanda ya sa aka buɗe wa famfo mai don ƙarin ƙarfi, bai canza kuloci ba, to ya sani farantin zai fara zamewa. Wanda ya labta buhuna fiye da kima, ko yake ɗora ƙafa a kan kuloci cikin laka, ko ya ratsa ruwa bai duba ko man giya ya koma fari kamar madara ba, shi ma bakanike na jiransa.

Injin farko na 1893 yana nan a ajiye a gidan tarihin MAN da ke Augsburg, na 1897 kuma a babban gidan tarihin fasaha na Munich. Manyan injunan jiragen ruwa na yau suna mayar da kusan rabin man da suka sha ya zama aiki, abin da ɗalibin Linde ya kwana yana lissafi tun yana saurayi.