Carl Eric Wickman (1887–1954): Daga Ramin Haƙar Tama zuwa Kamfanin Greyhound

An haifi Carl Eric Wickman ranar 7 ga Agusta, 1887, a Våmhus da ke lardin Dalarna na ƙasar Suwidin. Ya yi ƙaura zuwa Amurka a 1905, ya sami aiki a ramukan haƙar tama na garin Hibbing, jihar Minnesota.

A 1914 aka sallame shi daga aiki, sai ya shiga dillancin motoci ƙirar Hupmobile. Ciniki ya ƙi, mota mai kujeru bakwai ta zame masa kwantai. Maimakon ya zuba mata ido, sai shi da abokinsa Andrew Anderson suka fara jigilar mahaƙa da ita tsakanin Hibbing da Alice, tafiyar mil biyu kacal, a kan santi 15. Shekara na zagayowa ya haɗa jari da abokin gasarsa Ralph Bogan, aka kafa kamfanin Mesaba Transportation. Alice ɗin kuwa daga baya ta shige cikin Hibbing, lokacin da aka tashi tsohon garin domin a haƙo tamar da ke ƙarƙashinsa.

Labarin motar da ta ƙi sayuwa shi ne ya fi yawo, amma haɗakar da ya yi da Bogan ta fi bayyana halinsa. Wickman bai ƙera injin ba, bai kuma shimfiɗa hanya ba. Gwanintarsa ita ce mayar da abokin gasa abokin tarayya. A wancan zamani ƙananan kamfanonin bas sun cika Amurka, kowanne da ɗan guntun layinsa, fasinja mai dogon zango sai ya yi ta sauka yana sake mota da tikiti. Shi ya riƙa sayen waɗannan layuka yana ɗinke su wuri guda. Ko kamfanonin jirgin ƙasa, waɗanda bas ke janye wa fasinja, bai ja daga da su ba; kamfanin Great Northern ma zuba jari ya yi a harkar tasa. A 1926 aka kafa Motor Transit Corporation, wanda zuwa 1930 ya koma Greyhound Corporation mai tambarin karen tsere, hedikwatarsa kuma ta bar Duluth zuwa Chicago.

Saurin faɗaɗar ya zo da nasa nauyin. Da tattalin arzikin duniya ya karye, bashi ya kusa durƙusar da kamfanin. Baje-kolin duniya na Chicago a 1933 ya dawo masa da fasinjoji, haka ma fim ɗin It Happened One Night na 1934, wanda wani ɓangare na labarinsa ya gudana cikin bas.

A 1940 Sarki Gustaf na Biyar na Suwidin ya ba shi lambar girmamawa ta Vasa. Ya sauka daga shugabanci a 1946, Orville Caesar ya gaje shi. Ya mutu a Daytona Beach, jihar Florida, ranar 5 ga Fabrairu, 1954, yana da shekara 66.