Janar Seyni Kunce, sojan da ya ɗora ƙasa a kafaɗar samariya

An haifi Seyni Kunce ran 1 ga Yuli 1931 a Fandu, cikin gidan sarautar Zabarmawa na Tondikandiya. Tun yana yaro aka kai shi makarantar 'ya'yan soja a Kati ta ƙasar Mali, daga nan ya wuce Saint-Louis ta Senegal. Ya shiga sojan Faransa, ya yi yaƙi a Indocin da Aljeriya. A 1961 ya dawo cikin rundunar Nijar, a 1973 kuma aka naɗa shi babban hafsanta.

Lokacin nan fari ya shekara biyar yana cin ƙasa, dabbobi sun ƙare, talakawa na kukan cewa taimakon abinci ba ya isa gare su. Ran 15 ga Afrilu 1974 Kunce ya kifar da gwamnatin Diori Hamani. An zubar da jini a wannan dare, har uwargidan shugaban, Hajiya Aisa, ta rasa ranta. Sojoji suka rushe majalisa, suka hana jam'iyyu, suka tsare Diori.

Da ya hana siyasa, sai Kunce ya rasa igiyar da za ta haɗa shi da talakawa. Bai aro tsarin 'yan sikawut na Turawa ba, ya koma ga abin da Hausawa suka sani tun kaka da kakanni, wato samariya. A ƙasar Arewa, daga Dogon Dutsi har Tibiri, kowa ya san sarkin samari, ya san gayya: a buga ganga, matasa su fito da hauya su nome gonar tsoho ko ta maras lafiya, ladansu fura da kirari. Kunce ya ɗauko wannan al'ada ya ba ta tsari, ya zama kowace unguwa da kowane ƙauye na da samariyarsu, har zuwa matakin ƙasa.

Aikin da suka yi ba ɓoyayye ba ne. Sun buga tubali sun gina azuzuwan makaranta, sun share tituna da kasuwanni. Daga 1975 ranar 3 ga Agusta, ranar 'yancin kai, ta zama ta dashen itace, samari kuwa ke haƙa ramuka. Aka kuma kafa bikin matasa na ƙasa mai zagaya jihohi, inda ake gasar waƙa da rawa da wasan kwaikwayo. A 1979 ya ƙaddamar da shirin da aka sani da Société de développement, wanda ya tsaya kan ƙafa biyu: samariya da ƙungiyoyin gama kai na manoma.

Sai dai samariyar nan ita ce ke jeruwa cikin rana don tarbar manya, ita ce kuma idon hukuma a unguwa. Kunce mutum ne mai tsanani, mai faɗa wa ma'aikata ba sallama, wanda bai yarda da wasa da dukiyar ƙasa ba. Amma bai yarda da mai ja da shi ba. Ya tsallake yunƙurin juyin mulki a 1975 da 1976 da 1983, mutane da yawa suka sha ɗauri, wasu aka kashe su. Matashin da ya ƙi fita aikin samariya yakan ji tsoron a ɗauke shi maƙiyin gwamnati.

Ƙasar Sin, wadda Kunce ya ƙulla hulɗar jakadanci da ita a Yuli 1974, ta riga ta ga irin wannan. A 1912 wani malami, Yan Jialin, ya kafa rukunin farko na 'yan sikawut na Sinawa a Wuchang. Daga baya jam'iyyar Kuomintang ta mai da ƙungiyar tata. Da 'yan kwaminis suka karɓi mulki a 1949, sai ƙungiyar ta bi iyayen gidanta zuwa Taiwan, aka maye gurbinta da ta yara masu ɗaura jan ƙyalle a wuya. Yau a Taiwan da Hong Kong ne sikawut ke da ƙarfi a tsakanin Sinawa.

Shekarun ƙarshe sun yi wa Kunce nauyi. Kuɗin yuraniyom ya faɗi, farin 1984 ya zo daidai da rufe iyakar Najeriya, abin da ya sa mutane suka raɗa wa yunwar suna El-Buhari. Ciwon ƙwaƙwalwa ya kama shi, ya rasu a wani asibitin Paris ran 10 ga Nuwamba 1987. Ali Saibu ya gaje shi.

Samariya ba ta daɗe bayansa ba. Ta narke cikin jam'iyyar MNSD a 1989, da zuwan jam'iyyu barkatai da babban taron ƙasa na 1991 kuma sai tsarinta ya watse. Ƙungiyar da gwamnati ta rungume, tare da gwamnatin take tafiya. Gayya kuwa, da ba ta jiran umurni daga Yamai, ba ta mutu ba a ƙauyukan Arewa. Sunan Kunce na nan a babban filin wasa na Yamai, wanda Sinawa suka gina. Allah ya jiƙansa.