Aina Onabolu: Akawun Da Ya Shigar Da Zane Cikin Makaranta

Ku duba jadawalin darussan makarantarku. A tsakanin Lissafi da Turanci da wannan Hausa da kuke koyo, za ku tarar da lokacin da aka ware don zane da sauran ayyukan fasaha. Wataƙila kuna zaton tun ranar da aka buɗe makarantar boko ta farko a ƙasar nan wannan darasi yake cikin jadawali. Ba haka ba ne. An daɗe ana karatun boko a Nijeriya ba tare da malamin zane ba, kuma yaron da aka kama yana zane a bayan littafinsa, ɓata takarda ake cewa yana yi. Mutumin da ya tsaya tsayin daka har aka ba zane gurbi a makarantun sakandare shi ne Aina Onabolu. Tarihinsa za ku karanta a wannan darasi.

An haifi Aina Onabolu ranar 13 ga Satumba, 1882, a garin Ijebu-Ode da ke cikin Jihar Ogun ta yanzu. Iyayensa 'yan kasuwa ne. Yana ɗan shekara tara, wato a 1892, sojojin Ingila suka ci ƙasar Ijebu da yaƙi. Bayan haka makarantun mishan suka yawaita a yankin, kuma a ɗaya daga cikinsu ya fara karatu. Daga baya ya tafi Legas, ya ci gaba a makarantar Caxton House. Da ya gama, sai ya sami aikin akawu a ma'aikatar kwastan.

Abin da makarantun wancan zamani suke so ke nan: su yaye akawu da tafinta da mai taimaka wa limamin coci. Ba a kafa su don su fitar da mai zane ba. Sassaƙa da ƙira irin na gargajiya kuwa, yawancin 'yan mishan suna ganinsu a matsayin kayan tsafi, suna hana mabiyansu kusantar su. Ban da wannan, akwai wata magana da ta bazu a tsakanin Turawan mulkin mallaka, cewa baƙar fata ba zai iya zana mutum ya fito da kamanninsa sak ba, domin wannan ilimi ya fi ƙarfin ƙwaƙwalwarsa. Ku riƙe wannan magana a ranku, domin ita ce ta zaburar da Onabolu tsawon rayuwarsa.

Tun yana yaro ya ɗora wa kansa koyon zane. Ba shi da malami. Abin da yake da shi kawai hotunan da ke cikin littattafan makaranta da jaridu da mujallun da ake kawowa daga Ingila. Sai ya ajiye hoto a gabansa, ya kwaikwaya, ya gwada nasa da na littafin, ya goge, ya sake. Ku kwatanta halinsa da naku. Idan kuka ce ya zo a inda ya kamata ku ce ta zo, malaminku yana nan kusa, nan take zai gyara muku. Shi Onabolu, idan hannun mutumin da ya zana ya fi ƙima tsawo, ko ido ɗaya ya ɗara ɗaya girma, babu mai nuna masa inda kuskuren yake. Dole shi da kansa ya zama ɗalibi, ya kuma zama mai duba aiki. A haka ya ƙware, har tun yana ɗan makaranta malamansa suke sa shi ya zana musu hotunan da suke koyarwa da su. Da ya kama aikin akawu bai daina ba. Da rana yana ofis tsakanin takardun kaya, in an tashi ya koma gida ga fensir da burushi.

A shekarar 1906, yana da shekara 24, ya zana hoton wata mata, uwargidan Spencer Savage, da fentin ruwa. Masana tarihin fasaha suna lissafa wannan hoto a cikin ayyukan farko na zanen zamani a Nijeriya. Daga nan sunansa ya fara yawo a tsakanin manyan Legas: likitoci da lauyoyi da malaman coci da attajirai. Wani sanannen likita, Dakta John Randle, ya ja shi a jiki ya tallafa masa. A tsawon shekaru Onabolu ya zana shi Randle ɗin, ya zana Dakta Oguntola Sapara, ya zana Bishop Oluwole, da wasu da dama.

Kada ku ɗauka waɗannan hotuna ado ne kawai na bangon falo. A littattafan Turai na lokacin, akan nuna mutumin Afirka ne a matsayin ɗan dako, ko bara, ko wani abin kallo a daji. A hotunan Onabolu kuwa, ga ɗan Afirka zaune cikin shigarsa ta mutunci, fuskarsa a natse, mai ilimi da matsayi, kuma wanda ya zana shi ma ɗan Afirka ne. Kowane hoto ya rushe ƙarya biyu a lokaci guda: wadda ake yi game da wanda aka zana, da wadda ake yi game da mai zanen.

Da neman suna ne kaɗai damuwarsa, da ya tsaya a nan. Amma wahalar da ya sha wajen koyo shi kaɗai ba ta bar ransa ba. Ya fara shiga wasu makarantun firamare na Legas yana koya wa yara zane bisa ra'ayin kansa, ya kuma riƙa neman hukumar ilimi ta sa darasin cikin manhaja. A nan ya ci karo da wani shinge. Duk gwanintarsa, ba shi da takardar shaida, hukuma kuwa takarda take dubawa kafin ta dubi aiki. Saboda haka a 1920 ya baje kolin zane-zanensa a Legas, ya wallafa wani ɗan littafi mai suna A Short Discourse on Art inda ya bayyana ra'ayinsa game da fasaha, sa'an nan ya shiga jirgin ruwa zuwa Ingila. Shekarunsa sun kusa 38. Ku yi tunani: magidanci wanda manyan gari suke zama a gabansa ya zana su, ya koma ya zauna a aji tare da samari. Ya yi karatu a makarantar zane ta St John's Wood a Landan, ya kuma halarci Académie Julian a birnin Faris na ƙasar Faransa. A 1922 ya dawo gida da difloma a hannu.

Da takarda ta samu, ƙofofi suka buɗe. Ya koyar a King's College da CMS Grammar School da Methodist Boys' High School da wasu makarantun Legas. Ba a makaranta ɗaya yake zaune ba. Yakan gama darasi a nan ya wuce can, kuma duk da haka bai ajiye nasa burushin ba, yana karɓar aikin zanen mutane a gida. Wannan ya bambanta shi da mai koyarwa daga littafi kawai. Abin da ya faɗa wa yara da safe, shi yake yi da hannunsa da yamma.

Me yake koya musu? Ƙirar jikin ɗan'adam, da yadda haske da inuwa suke sa abin da aka zana a shimfiɗaɗɗiyar takarda ya fito kamar a taɓa shi. Fiye da kome kuwa, yana koyar da ƙa'idar kusa da nesa. Kuna iya gwada wannan ƙa'ida yau a hanyarku ta komawa gida. Ku tsaya a gefen miƙaƙƙen titi, ku dubi turakun lantarki. Na kusa da ku dogo ne, na bayansa ya ɗan gajarta, na can nesa kuwa bai fi tsinken ashana ba, alhali kun san duk tsawonsu ɗaya ne. Gefunan titin ma za ku ga suna matsowa kusa da juna har su haɗu a wuri ɗaya. Ido ne yake ganin haka, kuma akwai lissafin da mai zane yake bi don ya mayar da abin da ido ya gani a kan takarda. Onabolu ya nace a kan wannan darasi ƙwarai, har aka yi masa laƙabi da sunan ƙa'idar a Turance, ana kiransa Mista Fasfektif.

Ba a daɗe ba aiki ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Ya roƙi hukumar ilimi ta ƙaro malamai, kuma a 1927 wani Bature mai suna Kenneth Murray ya iso daga Ingila. A nan labarin ya ɗauki wata hanya da Onabolu bai zata ba, domin baƙon da aka kawo ya taimaka masa ya zo da ra'ayi dabam. Murray yana ganin bai kamata a cusa wa yaran Nijeriya ƙa'idojin makarantun Turai ba. Ya fi son su zana rayuwar ƙauyukansu, kamar kasuwa da gona da kamun kifi da bukukuwa, su kuma koyi darasi daga masassaƙa da maginan tukwane na garuruwansu. Ya koyar a Legas da Ibadan da Umuahia. A 1937 ya kai ayyukan ɗalibansa biyar Landan aka baje kolinsu. A cikinsu akwai Uthman Ibrahim, da kuma Ben Enwonwu wanda daga baya ya shahara a duniya.

To, wa ya fi gaskiya? Ga Bature yana cewa a riƙe na gida, ga ɗan ƙasa yana cewa a koyi na Turai. Masu sukar Onabolu sukan ce kwaikwayo kawai ya yi, kuma lalle bai ba sassaƙar gargajiya muhimmancin da ya dace da ita ba. Wannan rauni ne, ban ga amfanin ɓoye shi ba. Kawunan tagulla da aka tono a Ile-Ife a 1938 sun nuna cewa ɗaruruwan shekaru kafin zuwan Turawa, maƙeran ƙasar Yarabawa sun iya fito da fuskar mutum kamar za ta yi magana. Hujjar da ya je nema a Landan, ashe tana binne a ƙasar kakanninsa. Amma a ganina na malami, akwai haɗari kuma a ra'ayin Murray, duk da kyakkyawar niyyarsa. Idan malami ya yanke cewa wani ilimi bai dace da ɗalibansa ba saboda asalinsu, ya rufe musu ƙofa tun ba su ƙwanƙwasa ba. Onabolu ya san zafin wannan, domin shi aka fara rufe wa. Abin da yake so shi ne a ba yaro kayan aiki duka, in ya girma ya zaɓi wanda zai yi amfani da shi. Ku ma da kuke koyon Hausa, ba wanda ya ce ku jefar da harshen iyayenku.

Waɗanda suka biyo baya ne suka sasanta wannan gardama, kuma a Zariya aka yi haka. A 1955 aka mayar da sashen koyar da zane na wata babbar kwalejin gwamnati daga Ibadan zuwa Zariya, kwalejin da reshenta na can ya zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A 1958 wasu ɗaliban sashen suka kafa ƙungiya, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Manufarsu ita ce su ƙware a dabarun da ake koya musu a aji, sa'an nan su haɗa su da fasahar al'ummominsu. Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo. Onobrakpeya ya ɗebo daga tatsuniyoyin Urhobo. Grillo, wanda ya tashi a Legas kuma ya taɓa ɗaukar darasi a wurin Onabolu yana yaro, ya riƙa zana rayuwar Yarabawan birni, yawanci da launin shuɗi. Abin lura shi ne, su ma duk sun bi sawun dattijon wajen haɗa zane da koyarwa. Okeke ya shugabanci sashen zane a jami'ar Nsukka, Grillo ya shugabanci na kwalejin Yaba, Onobrakpeya ya yi shekaru masu yawa yana koyarwa a St Gregory's College ta Legas, Nwoko kuma ya koyar a jami'ar Ibadan.

Onabolu ya ga farkon wannan duka da idonsa. Ya ga ranar da Nijeriya ta sami 'yancin kai a 1960, lokacin da zane ya riga ya zama darasin da ake karantawa har a manyan makarantu. Ya rasu a Legas ranar 3 ga Fabrairu, 1963, yana da shekara 80. A harabar babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Iganmu, an sa wa wani ginin baje kolin zane-zane sunansa. A ranar 13 ga Satumba, 2016 kuma, kamfanin Google ya sa zanensa a shafinsa na farko a Nijeriya, don tunawa da cika shekara 134 da haihuwarsa.