Tarihin Leonhard Euler, makahon da lissafinsa ke aiki a cikin wayoyinmu

'Yan uwa mazauna Kudu, daga Agege da Mile 12 har Sabo ta Badun, Anacha da Fatakwal, yau tarihin wani Bature na kawo mana. Shekara sama da 240 ke nan da mutuwarsa, amma duk lokacin da Facebook ya nuna maka wani da yake ganin ka san shi, ko taswirar waya ta zaɓa wa direba hanyar da ta fi kusa, akwai ɓurɓushin tunanin mutumin nan a ciki. Sunansa Leonhard Euler, ana furta shi Oila. Ni ɗan mai fataucin shanu ne, karatuna sakandare ne, don haka da misalan kara zan yi bayanin abin da ya gano, yadda kowa zai gane.

An haifi Euler ran 15 ga Afrilu, 1707, a birnin Basel na ƙasar Suwizalan. Mahaifinsa Paul limamin coci ne, mahaifiyarsa Marguerite ita ma 'yar limami ce. A wani ƙauye mai suna Riehen, kusa da birnin, ya tashi. Yana ɗan shekara 13 ya shiga jami'ar Basel a 1720. Burin uban shi ne yaron ya gaje shi a aikin coci. To a jami'ar akwai wani babban malamin lissafi, Johann Bernoulli, wanda ya lura yaron nan kansa na ja. Sai ya ware masa yammacin kowace Asabar. Euler zai yi ta fama da littattafai shi kaɗai duk mako, abin da ya gagare shi ya kawo wa malam ran Asabar. Bernoulli ne ya shawo kan uban har ya bar yaron ya bi lissafi.

A 1727 ya shiga gasar da cibiyar masana ta Faris ke shiryawa. Tambayar shekarar ita ce yadda ya fi dacewa a kafa sandunan da ke riƙe filafilan jirgin ruwa. Yaron da ya tashi a ƙasar da ba ta da teku ya zo na biyu. Daga baya ya lashe wannan gasa har sau 12. Amma a gida bai samu aiki ba. Ya nemi kujerar koyarwa a jami'ar Basel, ba a ba shi ba. Sai 'ya'yan malaminsa da ke aiki a cibiyar masana ta birnin Saint Petersburg a Rasha suka yi masa hanya. Ya isa can a watan Mayu na 1727 yana ɗan shekara 20, kuma daga ranar bai sake taka Basel ba har ya mutu. Wato dai ɗan ci-rani ne kamar iyayenmu da suka sauka a zango da niyyar shekara biyu, zama ya miƙe har jikoki.

A sashen likitanci aka fara ajiye shi, sannan aka mayar da shi lissafi. Ya zama farfesa a 1731, kuma a 1733 ya karɓi babbar kujerar lissafi bayan Daniel Bernoulli ya koma gida. A watan Janairu na 1734 ya auri Katharina Gsell, 'yar wani mai zane. Sun haifi 'ya'ya 13, biyar kaɗai suka wuce ƙuruciya.

Yanzu ga maganar gadojin. A ƙasar Prussia akwai birni mai suna Königsberg, wanda yau ake kira Kaliningrad yana hannun Rasha. Kogin Pregel ya ratsa birnin ya raba shi kashi huɗu: gaɓar arewa, gaɓar kudu da tsibirai biyu. Gadoji bakwai ne suka haɗa su. Mutanen gari suna da wani wasan ƙwaƙwalwa: shin mutum zai iya zaga gari ya haye kowace gada sau ɗaya tak, ba tare da ya maimaita ko ya tsallake wata ba? An yi ta gwadawa, ba wanda ya iya, kuma ba wanda ya iya faɗin dalili.

Euler ya gabatar da amsarsa ga cibiyar masana ran 26 ga Agusta, 1735, aka buga ta a 1741. Abin da ya fara yi shi ne zubar da duk abin da bai da amfani. Tsawon gada bai dame shi ba, girman tsibiri bai dame shi ba. Abu biyu ya riƙe, yankunan ƙasa da kuma wace gada ta haɗa wane da wane. Ya ba kowane yanki babban harafi, kowace gada ƙaramin harafi. Sannan ya ce a duba: duk yankin da ka ratsa a tsakiyar tafiya, da gada ɗaya ka shiga, da wata ka fita. Ke nan dole gadojin wannan yanki su zama cika, wato adadin da ke rabuwa biyu ba ragowa. Wuri biyu kaɗai aka yarda su zama mara, inda ka fara da inda ka ƙare. A Königsberg kuwa tsibiri ɗaya na da gada biyar, sauran yankuna ukun kowanne na da uku. Duka huɗun mara ne. Don haka tafiyar ba za ta yiwu ba, ko da mutum zai shekara yana gwadawa.

Wanda ke Legas zai iya gwada wannan a ransa. Idan gadojin Carter, Eko da Third Mainland kaɗai muka ƙirga, tsibiri na da uku, tudu na da uku. Wurare biyu ne mara, don haka za ka iya hawa kowacce sau ɗaya, amma idan daga tudu ka taso, a tsibiri za ka ƙare. Ba ka komawa gida sai ka maimaita ɗaya.

Abin mamaki, shi kansa Euler bai ɗauki wannan tambaya da wani girma ba. A wasiƙar da ya rubuta wa magajin garin Danzig ya nuna cewa da ƙyar ma za a kira ta lissafi. Manyan ayyukansa suna wasu wuraren. Alamomi da dama da muka gani a allon sakandare, irin su f(x) da harafin e da harafin i, shi ya kafa amfani da su. Ya yi rubutu kan tafiyar wata, gudun ruwa, haske, sauti da ƙirar jiragen ruwa.

Wajen 1738 idonsa na dama ya kusa mutuwa gaba ɗaya. A 1741, da siyasar Rasha ta rikice baƙi suka shiga zaman ɗar-ɗar, ya amsa gayyatar Sarki Frederick na Prussia ya koma Balin. Ya yi shekara 25 a can. Sarkin ya fi son masu iya zance da barkwanci a fada, Euler kuwa mutum ne mai sauƙin kai, ga iyali ga ibada, har sarkin kan yi masa ba'a da ido ɗaya. A wannan zama ne ya rubuta wa wata gimbiya 'yar gidan sarautar wasiƙu sama da 200 yana koya mata kimiyya da harshe mai sauƙi, daga baya aka tattara su littafi. A 1760, lokacin yaƙi, sojojin Rasha suka wawashe gonarsa da ke kusa da Balin. Da kwamandansu ya ji gonar wa aka taɓa sai ya biya diyya, sarauniyar Rasha Elizabeth ta ƙara masa da kuɗinsu rubul 4,000. Ka ga inda ilimi ya sa abokan gaba suka biya baƙo asararsa.

A 1766 ya koma Saint Petersburg bisa gayyatar Sarauniya Catherine ta Biyu. Yanar ido ta kama idon hagu, aikin da aka yi masa a 1771 bai yi nasara ba, ya zama kusan makaho sarai. A shekarar ce kuma gobara ta cinye gidansa, da ƙyar aka fito da shi. Matarsa ta rasu a 1773 bayan zaman kusan shekara 40. Duk da haka aiki bai tsaya ba. Yana lissafi da ka yana faɗa, 'ya'yansa da almajiransa suna rubutawa. Littafinsa na aljabara da ya fito a 1770, wani yaron gida da ya taɓa koyon ɗinki ne ya rubuta shi daga bakinsa. A 1775, cikin makanta, kusan kowane mako sai ya fitar da takardar bincike ɗaya. Ya rasu ran 18 ga Satumba, 1783, yana da shekara 76, bayan jini ya ɓalle masa a ƙwaƙwalwa. A ranar ma sai da ya tattauna da wani abokin aikinsa kan duniyar Uranus da aka gano ba da jimawa ba. Ayyukansa da aka ƙirga sun haura 800.

To me ya haɗa gadojin nan da kwamfuta? Bayan shi masana suka ci gaba da tunanin. Suka riƙa zana kowane wuri a matsayin ɗigo, kowace mahaɗa a matsayin layi. A 1878 wani masani ɗan Ingila, Sylvester, ya raɗa wa irin wannan zane suna giraf, kuma a 1936 Dénes König na Hangari ya fitar da littafin farko na fannin. A 1959 Edsger Dijkstra ɗan Holan ya buga dabarar gano hanya mafi gajarta tsakanin ɗigo biyu, wadda manhajojin taswira suka ginu a kanta da ire-irenta.

Sai batun ajiya. A farkon shekarun 1960 Charles Bachman na kamfanin General Electric ya ƙera rumbun bayanai inda kowane bayani ke riƙe da adireshin wanda ke da alaƙa da shi. A 1970 kuma Edgar Codd na kamfanin IBM ya kawo tsarin jadawali, mai layuka a kwance da a tsaye, wanda ya mamaye bankuna da ofisoshi har yau.

Bari in kwatanta da kara. Tsarin jadawali kamar littafin bashi ne na mai gida: shafin fatake daban, shafin dillalai daban, shafin mahauta daban. Idan tambayar ita ce nawa ake bin mahauci wane, buɗe shafi ɗaya ya wadatar. Amma a ce wani mahauci ya gudu da kuɗin shanu, ana son sanin wane dillali ya tsaya masa, su wa kuma dillalin ya tsaya wa, shanun wane bafatake ne ke hannunsu, kuma wa ke bin bafataken a Arewa. Nan sai ka yi ta juya shafuka kana haɗa suna da suna, kuma duk matakin da ka ƙara aikin na ƙara nauyi. Tsohon dillali kuwa ba ya buɗe littafi. Daga sunan mutum ɗaya yake tsallakawa zuwa na gaba, don alaƙar ce ya haddace. Haka rumbun ɗigo da layi yake aiki. Mutum ɗigo ne, bashi ko lamuni layi ne, kuma an ajiye layin tare da ɗigon, don haka kwamfuta na bin sawu daga maƙwabci zuwa maƙwabci ba sai ta birkice rumbun duka ba.

Ɗaya daga cikin sanannun rumbunan nan shi ne Neo4j, wanda wasu 'yan Suwidin suka ƙirƙira, yana da harshensa na yin tambaya mai suna Cypher. Akwai wani harshen, SPARQL, da aka amince da shi a 2008, sannan a 2024 hukumar daidaita ma'aunai ta duniya ta fitar da GQL don a samu harshe ɗaya. Google ya fara ƙarfi ne a 1998 da dabarar ƙirga wane shafin intanet ke nuni zuwa wane. A 2016, lokacin da takardun sirri miliyan 11.5 na badaƙalar Panama suka fito, da Neo4j 'yan jarida suka yi amfani wajen haɗa sunayen masu kuɗi da kamfanonin da suka ɓoye dukiya a ciki.

A nan ne abin ya shafe mu kai tsaye. Bankuna a duniya na amfani da irin wannan dabara wajen bin sawun kuɗin damfara, asusu zuwa asusu. A Najeriya kuma layin waya na haɗe da lambar NIN, asusun banki na haɗe da BVN. Mu 'yan kasuwa mun saba da ara wa ɗan uwa asusu a turo masa kuɗi, ko a yi wa baƙo rajistar layi da sunanmu don kunya. Duk wanda ya yi haka ya ja layi tsakanin sunansa da na wani, kuma layin na nan ajiye. Ran da aka biyo sawun kuɗin da ba na halal ba, kwamfuta ba ta san kara aka yi ba, ɗigon da layin ya kai ta shi za ta nuna. Don haka a san wanda ake ba lambar asusu.

Sai kuma ƙannenmu da ake cirewa daga makaranta a kai su bakin tirela ko shago tun suna aji uku. Da mahaifin Euler ya dage sai yaron ya gaji sana'arsa, da wataƙila limamin ƙauye za a samu. Ya saurari malamin ɗansa ya sassauta. Idan malamin lissafi ya ce maka yaronka na da kai, Alhaji, a daure a bar shi ya ƙarasa. Kara na nan ba inda za ta.

Su kuwa gadojin Königsberg, ruwan bama-bamai na Yaƙin Duniya na Biyu ya rusa biyu daga cikinsu, daga baya aka rushe wasu biyu aka shimfiɗa babbar hanya a wurinsu. Ƙasarsa Suwizalan ta taɓa sa hoton Euler a takardar kuɗinta ta faran 10, kabarinsa kuma yana Saint Petersburg, garin da ya je neman aiki yana saurayi.